Karen Kafili a Bakin Wadi

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka?

Tun rasuwar Kawu Idi aikinsa ya dawo hannuna, har da fita da karen kafili, maigidan da ya ɗauke ni aiki, bayan la'asar. Yadda ya koya mini nake bi: in jefa ƙwallo, idan ya kawo ya dube ni, in ba shi guntun nama. Da haka ba ya nisa, don in ya ɓata, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta tafi.

Ranar Laraba a bakin wadi, kwarin nan na wajen unguwar Utaiƙa, ya yar da ƙwallon, ya juya mini baya ya zauna, yana kaɗa wutsiya kamar yadda yake yi wa Kawu, alhali babu kowa a gabansa. Na kira shi, ko waiwaye. Na ce ko rana ce ta taɓa ni. Amma Yaya, tauna yake yi, naman kuwa yana hannuna.

Na sauya hanya, amma kullum can yake ja na, har igiyar wuyansa ta fara cinyewa.

A yi wa Kawu sadaka, ni ma a sa ni a addu'a. Ki gaida kowa, amma kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Bala