Hadarin da Bai Washe Ba

Bafalo, Amurka

Ƙanena Mamuda,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya Talatu da yara da mutanen Wara? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da ba ya hana ni aikin gadi.

Ba zan samu ɗaurin auren 'yata Zahara'u ba. Tun Litinin aka yi shela cewa iska mai sanyi na gangarowa daga arewa, za ta kwashi danshin tafkin garin nan ta juye mana shi ƙanƙara. Na karanta haka a jami'a, lokacin da nake zaton ilimi zai kai ni wani wuri. Abokin aikina, ɗan Nijar, ya ce, "Malam Usman, canza tikiti ka tashi yau." Na yi masa dariya, na ce ni ɗan bakin ruwa ne. A tafkinmu na Kainji in hadari ya taso, ɗaure kwale-kwale ake yi a gaɓa, kafin a gama shan fura sama ta washe.

Wannan bai washe ba. Dusar ƙanƙara ta binne motoci, an rufe hanya da filin jirgi, ko ƙofar maƙwabci ba na gani. Ina da barguna, kada ku damu.

Kada a ɗaga rana saboda ni. Kai ka riƙe ta tun tana rarrafe, kai za ka ba da ita. In ta tambaya, ka ce ƙanƙara ce. Ta sha jin uzurina, amma wannan karon gaskiya ne.

Allah ya sanya albarka.

Yayanka,
Usman