Cokali Uku na Gishiri

Lahadi, 5 ga Oktoba

Mutum huɗu suka tambaye ni yau ko ruwan da na kawo lafiya yake. Shekara shida ina tuƙa tankar ruwa a Riyad, ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba, iyakaci a ce na makara. Na ce musu lafiya lau. Ni ina na sani?

Wai ranar Alhamis ƙasa ta girgiza can tsallaken teku, kusa da tashar nukiliyar da mutanen can suke samun lantarki da ita. Masu tashar sun ce ko fenti bai ɓare ba. Maƙwabtansu sun ce ƙarya ne, a buɗe ƙofa masu bincike su shiga, tunda tekun ba na mutum ɗaya ba ne. To mu ma daga tekun nan ake tace ruwa a turo mana ta bututu. Sai yau na tsaya na yi wannan tunanin, ina riƙe da tiyo a ƙofar gidan mutane.

Litinin, 6 ga Oktoba

Harouna abokin ɗakina, mutumin Maraɗi, ya taɓa aikin haƙar yuraniyom a arewacin ƙasarsu. Na tambaye shi don ya kwantar mini da hankali. Ya ce, "Abin ga ba shi da wari hwa, Maiwada. Ba ka ganin shi, ba ka jin ɗanɗano nai. Sai an yi shekaru ka ji shi cikin jiki." Ya yi tarin nan nasa mai tsawo.

Da na sani ban tambaya ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Rediyon mota tun safe magana ɗaya. Ƙasar maƙwabta ta kira jakadanta gida, ta masu tashar ta ce hassada ce kawai ke cin maƙwabta. Manya suna ta jifan juna da baƙar magana, ni kuwa abin da nake so in ji bai wuce kalma biyu ba: a sha, ko kar a sha. Mudir ɗinmu, wato manaja, ya ce ana auna ruwan kullum, ba matsala, yalla kowa ya hau motarsa. Amma na ga katan-katan na ruwan gora a bayan tasa motar.

Na biya unguwar Utaiƙa wurin Bilƙisu, autarmu. Cikinta wata bakwai. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, a wurin awo kuma sun ce jininta yana hawa. Ta faɗa tana dariya, wai gadon Inna ta ɗauko. Ni ban yi dariya ba. Mijinta Kamil yana hanyar Jidda da tirela, sai Lahadi zai dawo.

Laraba, 8 ga Oktoba

A gurup ɗinmu na Hausawan unguwar Batha, Rijiya suke kirana, wai duk saƙon da ya faɗa wayata ba ya fitowa. Ko na barka da Juma'a ba na turawa gaba. Su yi ta tsokana, ba su san dalili ba.

Yau wani saƙon murya ya shigo. Mutumin ya ce shi Dakta ne, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitinsa ba. Murya a natse, kamar mai karanta labarai. Wai aidin ne maganin tururin nukiliya, kuma gishirin ƙasar nan akwai aidin a ciki. A zuba cokali uku a kofin ruwa, a sha safe da yamma, musamman yara da masu ciki. Duk wanda ya ji bai tura ba, alhakin jama'a yana wuyansa.

Cokali uku. Sai da na gangara gefen titi na kashe mota.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Babu gishiri a baƙala, kantin layinmu. Harouna ya shigo da leda huɗu kamar wanda ya ci gasa. Na ce masa kar ya sha. Ya ce, "Lokotoro ne ya hwaɗi, kai mi ka sani?"

Na tsaya a kemis na tambayi mai maganin da ɗan Larabcina. Ya riƙe kai. Ya ce ƙwayar aidin daban take, ita ma ba a shanta sai hukuma ta ba da umarni. Gishiri kuwa, kafin mutum ya samu aidin ɗin da ake magana a cikinsa, gishirin ya gama da shi. Na ce to tashar fa, ta tsage ko ba ta tsage ba? Ya ɗaga hannu sama.

Da la'asar saƙon ya sake shigowa, wannan karon daga Bilƙisu. "Yaya ka saurara don Allah." Na kira ta nan take, na ce kada ta kuskura. Ta ce, "Yaya, kai likita ne ko direba?" Wasa take yi. Ta ce ba don kanta ba, don abin da ke cikinta. Wai matan gidansu duk sun fara. Na yi ta magiya har ta yi alkawarin za ta jira in zo gobe bayan an sauko daga masallaci. Bilƙisu da alkawari, sai dai addu'a.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da safe

Ban taɓa rubuta wannan ba ko a nan.

Shekarar Ibola ina Kaduna ina koyon tuƙi. Da asuba wani abokina ya kira ni, ya ce a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi kafin rana ta fito, cutar ba za ta kama mutum ba. Ban tsaya tambayar wa ya faɗa ba. Wadda na fara kira a duniya ita ce Inna, a Funtuwa. Ta ce, "Cokali nawa?" Ban sani ba. Na ce uku, ki cika su. Daga kaina na ƙirƙiro ukun nan. Ta ce Allah ya yi mini albarka da na tuna da ita.

Na san tana da hawan jini. Ni nake sayo mata maganin.

Kafin azahar ta faɗi a ƙofar madafa. Kwana biyu ta yi ba ta magana, sannan ta cika. Baba ya ga kofin, ya wanke shi da hannunsa, ya ce wa kowa kwana ne ya ƙare. Har ya rasu bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Bilƙisu tana shekara goma, tana hutu gidan Gwaggo a Malumfashi. Har gobe abin da ta sani shi ne ajali.

Ita kaɗai ta rage mini. In na faɗa mata, ban san da wane ido za ta sake kallona ba. In ban faɗa ba, za ta sha. Tsoro nake ji, wallahi, ta kowane ɓangare.

Juma'a, da yamma

Na tarar da kofin a kan tebur, an riga an dama, cokali na ciki. Ta ce ba ta sha ba, jirana take in zo in gama wa'azina. Na gaya mata abin da mai kemis ya ce. Ta ce shi ma ai ba a tashar yake kwana ba. Ta ce ƙasashe biyu suna ta rantsuwa, dole ɗaya na ƙarya, in masu tashar ne fa? "In na haifi yaro ba daidai ba, Yaya, me zan ce masa? In ce an gaya mini magani na ƙi?"

Ta kai hannu kan kofin. Sai na ji bakina yana faɗa. Tun daga kiran asuba har kofin da Baba ya wanke, ban rage komai ba. Ban iya kallonta ba, kafet nake kallo.

Can ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kana jina ina cewa gadon Inna." Sai kuma, "Yaya, ka tafi."

Na fito. Kofin yana nan inda yake, ban ga ta zubar ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kira tara. Ba ta ɗauka ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kamil ya dawo ya wuce da ita asibiti, jinin ya hau sosai. Ya ce ba ta sha gishirin ba, a bandaki ta juye. Amma tun Juma'a ba ta ci abin kirki ba, sai kuka. Ya tambaye ni ko na san abin da ya same ta. Ashe ba ta gaya masa ba.

Wancan karon bakina, wannan karon ma bakina. Ya Allah, kar ka haɗa mini biyu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Harouna kwana uku yana sha a ɓoye. Yau bai fita aiki ba, amai da ciwon kai, leɓensa duk ya bushe. Na kwashe ledojin na kai motata na kulle. Ko musu bai iya yi ba.

Ina layin ɗibar ruwa, tanka goma sha biyu a gabana, na buɗe gurup. Wata mata tana tambaya ko jariri ma cokali uku ne ko rabi. Mutum biyu har sun ba ta amsa.

Na danna na yi magana. Na faɗi sunana da garinmu, na ce ni direba ne, ban san komai game da tashar ba, ban san wanda ke gaskiya tsakanin ƙasashen ba, ni ma a tsorace nake. Abu ɗaya na sani, na san abin da cokali uku ya yi wa mahaifiyata, don ni na ce ta sha. Minti biyu da ɗan kai. Na tura kafin in samu damar gogewa.

Wani ya rubuto, "Yau Rijiya ta yi ambaliya." Ba wanda ya sa dariya a ƙasa.

Laraba, 15 ga Oktoba

An sallami Bilƙisu, jinin ya sauka, yaron yana motsi. Kamil ne ya gaya mini, ita har yanzu shiru.

Masu tashar sun ce masu bincike za su iya zuwa, amma ban da 'yan ƙasar maƙwabta a cikinsu. Maƙwabta sun ce ba su yarda ba. An ɗage zama sai wata mai zuwa. Mu kuwa ƙishirwa ba ta san an ɗage zama ba. Yau ma na cika tanka sau biyar, kowane gida na ce lafiya lau.

Saƙona ya dawo mini daga wani ɗan ajinmu da ke Madina. An rubuta a samansa: Gargaɗi daga Dakta Maiwada. Ban san ko in yi dariya ko in ƙara tsorata ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Kamil ya zo Batha da kula biyu. Ya ce in ji ta, bai ƙara komai ba. Tuwon shinkafa miyar kuka, da man shanu, yadda Inna take yi.

Loma ɗaya na gane. Babu gishiri a miyar, ko ƙwaya. Harouna ya ɗanɗana ya ture, ya ce mai ciki ta manta. Bilƙisu ba ta mantuwa a girki. Ko likita ne ya hana ta, ta zubo mini daga tukunyarta, ko kuwa magana ce take gaya mini. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Akwai leda huɗu na gishiri a motata, ƙasa kaɗan zan sauka. Ban sauka ba. Na cinye tas, na kora da ruwan famfo, na wanke kulolin.

Gobe zan mayar mata da su da kaina.