Takalman da ka bari

Maninjau, 9 ga Sha'aban 1346

Zuwa ga Yaya Rustam, a Batawiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kare harshenka daga sharrin majalisa. Inna lafiya lau, shinkafa ta yi kyau bana, 'yar'uwarmu Dalima ta haifi namiji mai kunnuwa irin naka, Allah Ya ba shi haƙuri. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san iyakar karatuna allon Malam ne.

An ce yanzu kujera gare ka kusa da Turawa, kana miƙewa ka yi magana a kan haraji har a buga a jarida. Ni dai ina gaya wa mutane a kaina ka koyi aikin lauya, ranar da na ɗaure wa Liman takalmi a wuyan akuya ka tsaya gaban Kawu ka ce babu shaida sai akuyar. Daga nan ka wuce kare manoma a kotun Padang, daga Padang jirgin ruwa ya ɗauke ka. Shekara shida ke nan.

Yaya, na yi wani wasa da bai ba kowa dariya ba. Kawu Datuk ya kwanta tun bayan girbi, idonsa ya tafi. Ka san al'ada: rawanin gidanmu ɗan 'yar'uwa yake gada, kuma kai dattawa suka zaɓa. In aka binne shi ba ka nan, naɗe rawanin za a yi a jefa a akwati, gidanmu ya rasa baki a taron gari. Ranar Laraba na ciro takalman fatar nan da ka bari, na sa, na hau matakalar katako ƙwas ƙwas, har da ɗan tarin nan naka. Niyyata in firgita Dalima. Sai Kawu, wanda ya yi wata biyu bai tashi ba, ya zauna da kansa yana kiran sunanka, yana cewa a miƙo masa rawanin maza. Inna ta fito da gudu, hannunta duk kwakwa.

Na durƙusa gabansa. Ya shafa kaina, ya kama kunnena, nan take ya gane, don ya sha murɗa shi. Na jira duka, bai dake ni ba. Ya ce mini shaƙiyyi, gobe ma in sake hawowa haka, amma a hankali, wai kai, Yaya, ba ka sauri.

Kullum bayan la'asar yanzu sai na hau masa matakalar da takalmanka. Ni ma in na ji ƙarar sai in kusa waiwayawa.

Inna, Dalima da mijinta Bahar suna gaishe ka. Ka nemi izini ka zo kafin azumi. Takalman sun yi mini yawa, Yaya, tsumma nake cusawa a ciki.

Ƙaninka,
Sabirin