Sifika a Bakin Randar Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya aiki a Fatakwal? Mu nan Tiga sai godiya.

Na haɗa sifikun da ka aiko. Babbar na kifa a bakin tsohuwar randar Inna, ƙananan kuma na saka musu kwandensa, ɗan ƙaramin abin lantarkin nan mai tace sauti, don kada kaurin sauti ya fasa su. Da na kunna kaset ɗin gaisuwarka, muryarka ta fito daga randar sak ta marigayi Baba. Na waiwaya in gaya wa wani, ashe ni kaɗai ne a ɗakin.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da Hajara da yara. In za ka sake aiko kaset, don Allah ka daɗe kana magana.

Ƙaninka,
Garba