Muryar Auta a Kunnen Mama

Litinin, 6 ga Oktoba

Auta ta kira ni ina tsakiyar aiki a kantin magani, wani dattijo na tsaye yana jiran maganin hawan jininsa. Wai in saukar wa Mama wani abu a waya idan na koma gida. "Yaya, manhaja ce ta zagaya gari a ƙafa. Kina sa iyafis a kunne kina tafiya, duk wurin da kika iso sai murya ta ba ki labarinsa. Kin san muryar wa? Tawa!"

Na ce ma sha Allah. Da ƙarfi na faɗa har dattijon ya ɗago kai.

Kamfanin da take wa aiki a can birnin da take zaune ne suka yi, suka ce tunda garinsu ne ita za ta karanta. Garinsu! Ita da ba ta taɓa cika mako a nan ba tun da ta tafi karatu.

Na saukar. Ba zai yi amfani ba. Tun rasuwar Baba bara Mama ba ta wuce bakin get. Likita ya ce tafiya ce maganin kumburin ƙafarta, na roƙa, na yi fushi, na sayo takalmi mai taushi. Yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na dawo na tarar da ita zaune a falo da iyafis a kunne, tana murmushi ita kaɗai. Gabatarwar kawai take maimaitawa, don sauran ba ya buɗewa sai mutum ya isa wurin da ƙafarsa. Ta ce, "Ji yadda take fitar da harafi, kamar a rediyo."

Ni na sa mata ɗigon ido, ni na yanke mata farce. Ba wanda ya ce komai a kan yadda nake fitar da farce.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ta fita.

Da safe ta leƙo ɗakina da mayafinta a kafaɗa, ta ce ina takalmin nan da na sayo. Na tsaya ina kallonta. Shekara guda ina magana, ashe ba kunnenta ne ya toshe ba, muryar ce ba ta yi mata ba.

Ni ke riƙe da wayar don ba ta gane taswirar. Akwai ɗigo shuɗi, shi ne mu, idan ya hau kan jan ɗigo sai Auta ta fara magana. Zango suke ce wa kowane wuri. Mun yi na agogon dandali, mun yi na tsohon gidan waya. Mama ta tsaya gaban gidan wayar ta ɗaga kai tana kallon wasu kawunan zakuna a saman tagogi. Ni ma ban taɓa lura da su ba, kuma kullum ta nan motar aikina ke bi. Ban gaya mata ba.

Ta miƙo mini ɓari ɗaya na iyafis ɗin, na ce kunnena na ciwo.

Ta dawo gida ta ci abinci sosai, ta yi barcin rana. Ya kamata in yi murna. Na yi, amma rabi da rabi.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ina wanke-wanke ina jin ta a waya da Gwaggo: "Auta ce ta fitar da ni." Wato ni sanda ce.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Abokiyar aikina, wadda muke ce wa Rediyo saboda surutu, ta saukar da manhajar ita ma. Yau tana jera kwalaben maganin tari tana kwaikwayon Auta: "Yanzu ka juya dama, ka ɗaga kanka sama." Sai ta ce, "Ku gidan naku ita ce ta kwashe baiwar duka ko?" Wasa take. Na yi dariya, na shiga sito na tsaya gaban firjin allurai har fuskata ta huce.

Tun muna yara haka ne. Ita ke karanta wa baƙi waƙar makaranta, ni ke kawo musu ruwa. Ba ta taɓa yi mini laifi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ko faɗa ba ta ba mutum dama ya yi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau layin masu gyaran agogo da ɗakin karatu na gari. Matakala da yawa. Sai ta fara ɗaga ƙafar hagu, in tallabe ta ta dama, mu huta, mu sake.

Wani abu ya faru a gaban wani shagon fenti, ba ya ma cikin zangunan. Mama ta cire iyafis ɗin, ta nuna benen da ke sama. Wai can ne makarantar koyon buga tafireta, ta yi wata biyar a ciki kafin aure, ita ce ta fi kowa sauri a ajin. Baba yakan tsaya a ƙasa da kekensa yana yin kamar sarƙa ce ta zame. "Kullum sarƙar nan sai ta zame a daidai ƙofar nan," in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki.

Shekaruna nawa da ita, ban taɓa sanin ta iya tafireta ba.

Abin da ya fara zuwa raina: Auta ba ta san wannan ba. Na ji daɗi. Allah ya shirye ni.

Talata, 21 ga Oktoba

Na duba sharhin mutane a ƙarƙashin manhajar. Yabo ne duk, ban da wani da ya ce mai karatun tana jan magana. Nasa na karanta sau da yawa.

Asabar, 25 ga Oktoba

An kira ni aiki, Rediyo ba ta da lafiya. Na ce wa Mama mu bari sai Asabar mai zuwa. Ta ce to, amma ta daɗe tana kallon takalmin.

Kumburin ya ragu sosai, har robar bakin safarta ba ta barin zane a ƙafa. Likita zai yaba. Na san wa za a yaba.

Talata, 28 ga Oktoba



Da hantsi wata lamba da ban sani ba ta kira ni. Mace ce, mai shagon furanni a bayan asibitin ido. Ta ce akwai wata tsohuwa zaune a shagonta, wayarta ta mutu, ta ba da wannan lambar da ka. Na bar kanti a buɗe, ko jaka ban ɗauka ba.

Mama ce, ita kaɗai ta fita. Wai tana son ta ji zangon gadar ƙarfe, ta gaji da jiran Asabar. Caji ya ƙare a hanya, murya ta ɗauke, ta juya ta ga duk gine-ginen sababbi ne, ba ta gane ko ɗaya ba. Ta yi ta tafiya har jiri ya kama ta, ba ta ci komai ba bayan ta sha maganin sukari. Na tarar da ita a kan wani bokiti da aka kife, mai shagon ta ba ta lemo, mayafinta ya zame, takalmi ɗaya a hannu. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai kamar yarinyar da ta fasa kofi. Ta ce, "Kada ki gaya wa Auta, za ta damu."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

Da muka iso gida na kwantar da ita, na fita baranda na kira Auta. Ban tuna duk abin da na ce ba. Na tuna na ce tana can cikin ɗaki mai sanyi tana tura tsohuwa titi. Na ce, "Ke murya ce kawai. Murya ba ta ɗaga mutum idan ya faɗi." Sai ta ce, "Haka ne, Yaya." Ta kashe.

Da ma ta rama.

Laraba, 29 ga Oktoba

Lambata Mama ta haddace. Tawa. Ina ta juya wannan a raina kamar alewa, kuma ba ta da zaƙi.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Auta ta zo ba sanarwa, da ƙaramar jaka. Ta rame. A hotunan da take turowa ba a gani. Mama ta rungume ta tana shafa fuskarta, ni na shiga kicin na ɗora ruwan zafi da ba wanda ya nema.

Ta biyo ni. Na zaci maganar ranar Talata za ta ɗauko, sai ta ce ina muke ajiye cokula yanzu. Ta buɗe durowa uku kafin na nuna mata.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mama ta dage sai mun fita mu uku, mu je gadar da ba ta samu gani ba.

Abin dariya: Auta ba ta san hanya ba. Ita da ke cewa "ka juya dama, ka juya hagu" da cikakken iko, a mahaɗar farko ta nufi wajen kasuwar kayan gini. Ashe wasu ne suka rubuta, ita karantawa kawai ta yi, a wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso. Wai kwana da kwanaki tana faɗin sunayen titunan gida a garin da ba wanda ya san su, idan ta fito sai ta kasa cin abinci. Da gudu-gudu ta faɗa, tana kallon gefe.

Ba ta ma iya jure jin muryar kanta. Da aka iso zangon ta toshe kunne tana cewa Mama ta rage ƙara.

Sai matakalar gadar. Auta ta yi sauri ta kama hannun Mama, amma ta hagu ta kama, ta ja ta sama kamar ana jan akuya. Mama ta yi tangal-tangal, ta zare hannunta a hankali ta miƙo mini ba tare da ta ko waiwayo ba. Muka hau yadda muka saba.

Daga sama na juya. Auta na tsaye a ƙasa, hannunta na nan a ɗage yadda aka bar shi. Na san wannan fuskar. Kullum ina ganinta a madubin banɗakin kanti.

Na jira daɗin ya zo. Bai zo ba.

A kan gadar Mama ta ba mu labarin ranar da ta yar da takalmin Auta a ruwa, tana goye da ita, ni ina riƙe da gefen zaninta ina ihu wai a shiga a ɗauko wa ƙanwata takalminta. Ban tuna ba. Auta ta ce, "Da gaske, Yaya?" Na ce ƙila takalmin nake so in gada.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Auta na tsane kwanuka ina wankewa. Ta ce tana so ta tafi da Mama ta yi mata mako biyu, idan na yarda. "Idan kin yarda" ta ce. Sai kuma: "Ni ko wace ƙafa take fara ɗagawa ban sani ba."

Na ce hagu. Na ce a tallabe ta ta dama. Na ce ba ta shan maganin safe sai ta ci wani abu, kuma za ta ce ta ci alhali ba ta ci ba, sai an duba faranti. Na yi ta lissafowa, ita tana gyaɗa kai, idonta ya cika. Ban ba ta haƙuri kan maganar baranda ba. Na dai miƙa mata tawul mai kyaun, ba tsohon ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sun tafi. Na dawo na buɗe ƙofa na yi sallama. Ba kowa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na tashi da wuri ba dalili. Na share ɗakin Mama da yake a share. Sun kira, Mama na ta ba da labarin lif ɗin da ke hawa da su benen gidan Auta, ta ce ta ci abinci, na ce a ba ni Auta ta tabbatar. Ta tabbatar, har hoton farantin ta turo.

Sabulun wanki ya ƙare, na fita sayowa. Manhajar tana wayata yanzu, na saukar ne don in san inda zan nemi Mama idan ta sake yin irin ta rannan. Tunda na fito, na ce bari in duba sauran zangunan, in ga ko akwai matakala masu wahala. Duba hanya ne kawai.

Akwai wani lambu a bayan kotu da ban taɓa shiga ba. A nan muryar ta ce a nemi benci a zauna, a yi shiru na ɗan lokaci, a saurari garin. Na zauna. Ita ma ta yi shiru, amma ba su yanke ba, ana jin numfashinta kaɗan-kaɗan a cikin kunne, kamar lokacin da muke kwana gado ɗaya.

Ba ta jan magana. Mai sharhin nan bai san abin da yake faɗa ba.

Sai bayan azahar na dawo gida. Sabulun ma ban sayo ba.