Ragowar Magani a Ruwan Lambun Baba

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na ɗebi ruwa wuri uku da safe: bakin babbar kwata inda ƙazamin ruwan unguwanni ke shigowa, cikin basan na ƙarshe, sai bututun da ke kai ruwan lambuna. Na zuba a kwalabe masu duhu, na jera su cikin ƙanƙara, na kai tasha na ba motar Yamai. Shekara shida ke nan ina kula da ramukan simintin nan uku da muke ce wa basan, kuma abin da na iya aunawa shi ne ƙwayoyin cuta da laka da wari. Wannan karon wata malamar ɗakin gwaje-gwaje ce, laburatuwar, daga Yamai, Madam Kausar, ta nemi a aika mata, wai ragowar magunguna take nema. Na ce mata ruwanmu sai ya yi kwana ashirin a rana kafin ya fita, me zai rage? Ta ce in dai aiko.

Baba yana cikin lambunsa sa'ad da nake cika kwalba ta uku. Nasa ne na farko a bakin bututu. Ya ɗaga mani hannu, bai bar ban-ruwa ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Hindatu ta yi nauyi ƙwarai, ƙafafu duk sun kumbura. Ƙanwata ce amma ita ke yi mani faɗa in riƙa cin abinci. Ta ce in namiji ne ita za ta zaɓi suna, ba mijinta Saminu ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Sakamako ya zo ta waya, shafi uku. Na karanta a tsaye a ƙofar biro, wato ofishinmu, sannan na zauna na sake karantawa. Magani bakwai. Sipro, kotrim, tramol, maganin ciwon gaɓoɓi, wanda ake yi wa shanu allura, da maganin ƙwari iri biyu. Abin da ke shiga basan, kusan shi ke fita. Rana tana kashe ƙwayoyin cuta, waɗannan kuwa ko a jikinsu.

Na kira Madam Kausar na ce ai ɗan kaɗan ne, kamar ƙwayar gishiri ce a cikin tanki. Ta ce ɗan kaɗan ɗin ne abin tsoro. Ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai ya saba mata da magani, har ran da za a ba mutum maganin gaske ta ƙi ji. Na san wannan, an koya mana a lakwal tun muna ɗalibai. Ban taɓa haɗa shi da bututuna ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Shugabanmu na aiki, Shef Is'haƙa, ya duba takardar ya daɗe. Ya ce in rubuta rahoto, in faɗi abin da nake ganin ya dace, shi zai kai meri, ofishin magajin gari. Ya san abin da ya dace, na sani. A rufe bututu har a samu gyara. Lambu goma sha tara ke shan ruwan nan, ga makiyayan da ke biyowa da shanu da yamma. Ya tambaye ni ko in bar wa wani ya sa hannu, tunda Malam Munkaila mahaifina ne. Na ce a'a. Da zafi na faɗa, fiye da yadda ya kamata.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na je na gaya wa Baba da kaina kafin ya ji a bakin wani. Yana cire ciyawa cikin salati. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya shinshina, ya miƙo mani. Ya ce wanga ruwa ba shi wari, ba shi da launi, shekara goma sha ɗaya shina ciyad da mu. Na yi ta bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ashe ni ma na shiga sahun masu ganin abin da ido ba ya gani, saura a kaɗa mani goge. Dariya ya yi. Ni ban yi ba. Na ce masa ko ya yarda ko bai yarda ba, lamba ba ta ƙarya. Ubana na gaya wa haka, a gaban maƙwabcinsa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Hindatu ta haihu, sai da aka yi mata aiki. Namiji. Jalaluddeen ta ce, Saminu bai yi musu ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An rufe bututu. Ni na juya makullin, ma'aikacin meri yana tsaye. Masu lambu ba su zage ni ba, da ma sun zaga. Wani dattijo cikin makiyaya, Amadu, ya tambaye ni cikin ladabi ina zai kai shanunsa. Na nuna masa hanyar rijiyar gabas. Ya ce ya san ta, tafiyar rabin yini ce. Ya yi godiya ya kora su.

Baba bai zo ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi da zafi. Na bi kwata da ƙafa daga basan har cikin gari don in ga inda abin ke fitowa. Ba wuri ɗaya ba ne. Bayan rumfunan masu sayar da ƙwaya, fakiti da kwalaben siro, maganin ruwa, cikin laka. Wajen mahauta, kwalaben allurar dabbobi. Sauran kuwa daga gidaje ne, daga jikin mutane da abin da suka zubar. Na samu wata mata tana juye ragowar siron ɗanta a kwata, na yi mata faɗa har ta shige gida ta bar kwalbar a ƙasa. Na rubuta a rahoto cewa jahilci ne babbar matsala.

Laraba, 12 ga Maris

Ɗinkin Hindatu ya ƙi warkewa. Zazzaɓi, ruwa yana fita. An sauya magani.

Laraba, 19 ga Maris

An sake sauyawa. Na uku ke nan. Tana shayar da yaron a kwance, tana ce mani in daina tsayawa a kanta da fuskar ma'aikata.

Talata, 25 ga Maris

An kai ta asibitin Dosso. Sun ɗebi ruwan ciwon sun gwada, suka ba Saminu takarda, shi kuma ya miƙo mani don ni ce mai karatu. Jerin magunguna, a gaban kowanne an rubuta ko ƙwayar tana jinsa ko ba ta ji. Na bi da yatsa. Sipro, ba ta ji. Kotrim, ba ta ji. Sunayen da ke cikin takardata ta Fabrairu su ne a nan, kusan a jere ɗaya.

Na fita waje na kira Madam Kausar. Ta ce kar in yi wa kaina haka. Irin wannan ƙwaya ana iya ɗaukarta ko'ina, a hannu, a gado, a abinci, babu mai iya cewa daga ina ta zo. Na ce amma ba za ki ce ba daga can ba ne. 

Alhamis, 3 ga Afrilu

Hindatu ta rasu da hantsi. Allah ya ji ƙanta.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An yi addu'ar uku. Da mutane suka ragu bayan la'asar, Baba ya kira ni zaure. Tun ran da na rufe bututu ba mu yi magana mai tsawo ba. Ya rame. Bai dube ni ba, tabarma yake kallo.

Ya ce, "Rahina, ki gaya mani gaskiya. Ruwana ne?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "Kullum ni ke kai mata salati. Ita ke cewa in kawo."

Gaskiya na faɗa. Da na ce a'a, da ya samu barci, kuma babu wanda zai kama ni da ƙarya. Ban iya ba. Ban san ko wannan kirki ne ko taurin kai ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wannan ba zan gaya wa kowa ba.

Inna ta ba ni jakar Hindatu in gyara. A ciki akwai leda cike da ragowar magungunanta, duk waɗanda suka ƙi aiki. Na fita bayan gida da ita da rana tsaka. Na ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya na watsa a kwata, na juye kwalabe biyu, na bi da bokitin ruwa. Ban so in ƙara ganinsu ba, shi ke nan. Sai da ruwan ya wuce ƙarƙashin katanga na tuna inda kwatar gidanmu take zuwa.

Fakiti ɗaya ya rage a ƙasan jakar, ta rubuta a jikinsa da biro: safe, rana, dare. Shi ban taɓa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na koma aiki. Madam Kausar ta aiko da zane: ruwa ya bi ta tsakuwa, sannan yashi, sannan dakakken gawayi mai kauri, a hankali. Gawayin ne ke kama ragowar maganin ya riƙe. Ta ce na karan gero ko ɓawon gyaɗa zai yi, in an ƙona shi a rufe ba iska. Shef ya samo durom huɗu. Na ƙona karo biyu, toka kawai na samu.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ina tsugune gaban toka ta uku sai ga Baba. Wata biyu rabonsa da wurin. Lambunsa ya bushe ƙurmus, bai ko kalli wajen ba. Ya taɓa tokar da ƙafa ya ce ba haka ake yi ba. Ya sa aka haƙa rami, ya jera kara, ya kunna, ya rufe da ƙasa ya bar ƴar kafa, ya zauna yana kallon launin hayaƙi. Da ya sauya ya toshe kafar. Ya ce tun yana saurayi a Matankari yake yi wa maƙera gawayi. Ban taɓa sani ba.

Bai tambaye ni ko abin zai yi aiki ba. Ni ma ban yi masa alkawari ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Masu lambu shida sun zo daka gawayi. Hannuwa da fuskoki baƙi ƙirin. Amadu ya aiko da kara kaya biyu a kan jaki, ban san wa ya gaya masa ba. Ruwan farko ya fito baƙi, na biyu toka-toka, da azahar ya washe. Wani ya ce ai ga shi ya yi. Baba ne ya ba shi amsa, ya ce da ma can garau yake, a jira takarda.

Litinin, 5 ga Mayu

Kwalabe sun tafi Yamai. Jalaluddeen ya fara murmushi, Inna ce ke riƙonsa.

Talata, 27 ga Mayu

Takarda ta zo. Biyar cikin bakwai sun sauka ƙasa ƙwarai, sipro har injin bai gan shi ba. Kotrim ya ragu da rabi kawai. Maganin ƙwari ɗaya yana nan yadda yake. Kuma gawayin zai cika, duk wata uku sai an sauya, tsohon a kai shi inda ake ƙona sharar asibiti, ba a zubar a gona ba. Durom huɗu ba za su shayar da lambu goma sha tara ba, sai an gina dogon rami na siminti. Shef ya ce meri ta yarda a buɗe wa itatuwa da ciyawar dabbobi, ban da ganyen da ake ci ɗanye.

Na karanta wa Baba duka, har wanda bai sauka ba. Ya ce to a ƙara kaurin gawayi. Ya ce salati kam ya bar shi, mangwaro da zogale zai dasa.

Laraba, 11 ga Yuni

An fara hadari, ba a yi ruwa ba tukuna. Mun soma bin gidaje da akwati muna karɓar ragowar magani. Mata suna kawowa a leda, a gwangwani, wata har a ƙullin zane.

A wani gida kusa da kasuwa na samu tsohuwa, Ajuma. Ta fito da kwano mai murfi cike da ƙwayoyin hawan jini na mijinta, bara ya rasu. Ta buɗe ta nuna mani, na miƙa hannu, sai ta mayar da murfin. Ta ce ba ta sha, ba ta ba kowa, ba ta kuma zubarwa, tana dai buɗewa wani lokaci. Abokiyar aikina ta fara yi mata bayanin doka. Na ce ta bari.

Na zauna a bakin tabarmarta. Ta ba ni labarin yadda yake ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe ya tofar in ta juya baya. Mun yi kusan awa, gidaje huɗu suka wuce mu. Da zan tashi na ce ta ajiye inda jikoki ba za su kai ba, ran da ta ga dama ta aiko a kira ni.

A takardar aiki, gaban gidanta, akwai wurin rubuta ko an karɓa ko an ƙi. Na bar shi fari. Gajiya ce, ina jin.