Warwaron Fata da Kejin Shak

Asabar, 2 ga Maris

An yanka akuyar Mama. Shekara guda da rasuwarta, yau aka dawo da ita gida cikin kakanni, kamar yadda ake yi. Kawu Bhekizizwe ya tsaga fatar sirara-sirara, ya ɗaura wa kowa a wuyan hannu, ɗanya, da gashinta. Isiphandla. Ba a cirewa sai ta tsinke don kanta. Na taɓa rubuta shafi goma sha biyu a kan wannan al'ada, har aka yaba. Ban ambaci warin ba.

Litinin, 4 ga Maris

Na sa almakashi na yanke tawa a mota kafin lacca. Riga mai dogon hannu za ta rufa mini asiri.

Talata, 5 ga Maris

Ranar Asabar Baba zai koma ƙauyenmu, Nkandla, gaba ɗaya. Gidanmu na unguwar Umlazi, nan Durban, ya zama kwalaye. Ina naɗe kofunan Mama da jarida sai ya ce, "Farfesa, wurin wasan ruwan nan na bakin teku, an ce suna saka mutum a keji a tsakiyar shak, manyan kifayen nan masu cin mutum."

Na ce na 'yan yawon buɗe ido ne, kifayen ma a ƙoshe suke kamar ma'aikatan gwamnati.

"Ki yanko mini tikiti."

Shekara talatin da ɗaya yana fita a kwalekwale yana ɗaga ragar da ke tsare masu wanka daga shak. Rabin shekarun, gaɓar da yake tsarewa da allo a kafe: Turawa zalla. Na ce, Baba, ba ka gaji da ganinsu ba? Ya ce, "Duk wanda na taɓa gani, ko ya mutu ko yana mutuwa. So nake in ga yadda suke tafiya."

Da dare na yanko tikitin.

Alhamis, 7 ga Maris

Gobe ƙarfe goma za a shiga kejin.

Duk yinin yau ranakun sabuwar shekara nake tunawa. Umlazi kaf ta zubo bakin teku, mutane cikin ruwa kamar an watsa wake, mu kuwa muna kan yashi a ƙarƙashin lema, ni da yayana Sibonelo. Ko idon sawu Baba bai yarda mu jiƙa ba. "Ni na san abin da ke ciki." Sai ya rufe mana baki da burodin da aka rarake aka cika da miyar wake mai yaji. Mama ta sulale da gorar lemo ta ɗebo ruwan teku na yayyafa wa gida, ta dawo da gefen zanenta a jiƙe, tana rantsuwa igiyar ruwa ce ta biyo ta.

In ya dawo aiki kuwa a waje take tare shi da bokiti da sabulu. "Ba za ka shigo mini da ƙarnin matattu ba, Mshengu." Da sunan zuriyarsa take kiransa. Shi kuma yana dariya, yana ba mu haƙoran shak daga aljihu.

Shekarata arba'in da uku, digiri uku, an haife ni a Durban, ban iya iyo ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Baba ya sa kwat ɗinsa na coci. Don shiga ruwa.

Mai kula da kejin wata mata ce sa'ata, MaZungu. Ta miƙa masa gilashin fuska da bututun numfashi, ya miƙo hannu, sai ta tsaya. Ta kalli fatar, ta sunkuyar da kai.

"Ta yaushe ce, Baba?"

"Asabar. Ta uwar 'ya'yana."

"Allah ya ba da haƙuri. Ni 'yar gida ce, bakina ba zai ce ka cire ba. Amma ɗanyar fata ba ta shiga ruwan nan, ƙarninta na jawo shak."

Ya ce ya riƙe shak da hannu tun ba a haife ta ba. Ta ce ta yarda, amma waɗancan ba su da sauran ci. Na shiga da Turancina, na kawo shawarar safar hannu, leda, salatif. Ta saurare ni har ƙarshe kamar yadda nake sauraren ɗalibi mai neman ƙarin lokaci. A'a.

Akwai almakashi a kan teburinta. Baba ya daɗe yana kallonsa. Gobe zai tafi, kuma na san ba mai dawowa Durban ba ne don wasa. Sai ya ja hannun kwat ya rufe fatar.

"Farfesa za ta shiga."

Na ce ai ni ma ina da ita.

"Tun Litinin kike yawo da dogon hannu a wannan zafi. Ni ma na gani, balle mamarki."

MaZungu ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba.

Ruwan ya zo mini ƙirji, sanyi kamar zagi. Na riƙe ƙarfen kejin, na ciji bututun, na dulmiya fuska. Da farko numfashina kawai nake ji. Sai ga shak ɗaya, tsawon ƙofa, haƙora a waje irin na Kawu Bhekizizwe. Ya wuce dab da ni bai ko kalle ni ba. Can ƙasa, bayan babban gilashin 'yan kallo, ga wani tsoho da kwat a tsakiyar yara, bakinsa a buɗe.

Da na fito ina rawar ɗari, ya ce, "To?"

Na ce, "Ba sa sauri, Baba. Jelar kawai suke kaɗawa a hankali. Ba kowa suke nema ba."

Muka taka zuwa mota. Can ya ce, "Ta gilashi ba ɗaya ba ne. Ke kin ji ruwan da suka ture."

Na ji. A cikina na ji shi.

Asabar, 9 ga Maris

Sibonelo ya tafi da shi. Na kulle gidan, na koma na duba ko na kulle, sau biyu.

Laraba, 20 ga Maris

Na kira Baba don in ji ko yana shan maganin hawan jini, ba don komai ba. Ya ce fatar ta bushe amma ba ta da niyyar tsinkewa, mamarki dama ba ta sakin mutum da wuri. Na ce in ta tsinke ya gaya mini, motar Nkandla ai ba ta ƙare ba. Ya ce keji mutum nawa yake ɗauka? Na ce biyu, a yadda na ji.

Na rubuta sunana a ajin koyon iyo na jami'a, Talata da Alhamis. Ni da yara 'yan aji ɗaya. Na gaya wa malamar likita ne ya ce, saboda ciwon baya.